Inda Motar Bomi Ta Kwana

Litinin, 18 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Bomi ta tafi. Ita kaɗai muka haifa.

Mijinta Inho ne ya zo ya faɗa mana wajen sha ɗaya na safe. Ko takalmi bai cire ba. A bakin ƙofa ya tsaya ya miƙo mini wayarta da wata 'yar takarda. Fita ya yi sayo mata magani, ya dawo ya tarar da su a kan teburin kicin. Layi biyu ne: "Kada ku biyo ni. Zan dawo." Rigar sanyi ɗaya ta ɗauka, sai motar.

Kwana shida ke nan da sallamo ta daga asibiti. Tafiya ma a hankali take yi, tana dafa bango.

Mun je wurin 'yan sanda. Sun saurare mu da mutunci, suka ce babbar mace ce mai shekara talatin da huɗu, ta bar takarda da hannunta, mu ɗan saurara.

Da muka dawo Inho ya zauna a ƙasa ya buɗe wayarsa, ya nuna mana taswira da wani ɗigo shuɗi a bakin teku, can Samcheok.

"Ga ta nan, Baba. Motar haɗe take da intanet. Tana faɗin inda take, da yawan cajin da ya rage, da ko ƙofofi a kulle suke."

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina gyaran motoci a nan Wonju, da kunne nake gane cutar inji. Da suka sayi wannan mai lantarkin bara, ni ne na ce musu wannan ba mota ba ce, firji ne aka sa wa tayoyi, ga gulma. Yau ni ne na roƙe shi ya saka mini abin a tawa wayar.

Wannan tsohon littafin gareji ne, akwai sauran shafuka. Maman Bomi ta ce tunda bakina ya mutu, in rubuta, in daina zagaye mata falo.

Talata, 19 ga Nuwamba, takwas na safe

Motar ta kwana a gaban wani masauki, tsakaninsa da ruwa bai fi taku ɗari ba. Na ƙara girman taswirar na auna.

Tun shida na sa kaya. Tafiyar awa biyu ce kawai. Ina ɗaura takalmi Inho ya shigo, da ganin idonsa bai runtsa ba.

"Baba, don girman da nake ba ku, kada ku je."

"'Yarka ce ko 'yata?"

"Taku ce. Amma ku duba nan." Ya nuna mini wani wuri a wayar. "A cikin motar akwai inda za ta taɓa, ɗigon nan ya ɓace, mu daina ganin komai. Ta san da shi, ita ce ma ta koya mini. Ba ta taɓa shi ba. Waya ta bari, amma wannan ta bar mana shi a buɗe. In muka je za ta rufe."

Maman Bomi tana tsaye da ludayi a hannu. Ta ce, "Yaron nan ya fi ka hankali, Baban Bomi. Cire takalmin."

Mun yanke shawara. Muddin motar tana motsawa kowace rana, ana kuma sa mata caji, babu mai zuwa. Ranar da ta yini ba ta motsa ba, ba zan tsaya neman izinin kowa ba.

Talata, biyar na yamma

Ta sa caji. Daga talatin ya hau tamanin da ɗaya. Wanda ya cika tanki yana da niyyar ganin gobe. Na faɗa wa Maman Bomi haka, ta ce babu tanki a motar. Na ce ta gane dai.

Laraba, 20 ga Nuwamba, goma na safe

Wayar tana yin ƙara in an buɗe ƙofa. Jiya da safe ta ce an buɗe ƙofar baya ta dama, aka rufe, ba a sake buɗe ta ba sai bayan minti ashirin da biyar. Motar ba ta tashi ba. Yau ma haka, minti talatin.

Na kira Inho a wurin aiki na ce ko makullin ƙofar ne ya samu matsala, motocin nan na zamani ba su da tabbas.



"Ba matsala ba ce, Baba. Zama take yi a baya. Kujerar tana nan."

Kujerar jarirai. Ni na ɗaura ta da hannuna a watan Oktoba, na jijjiga ta da ƙarfi don in tabbatar ba ta motsi. Na manta da ita sam.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, tara na safe

Sanyi ya sauko. Wayar ta ce cikin motar ma'auni biyu ne kawai. Mace a halin da take ciki bai kamata ta zauna a sanyi ba, kowace tsohuwa a garin nan ta san wannan.

Na tambayi Inho ko gaskiya ne ana iya kunna hita daga nesa. Ya ce e. Na ce to me muke jira. Ya ce yana tsoro. Na ce hita dai ba magana ba ce.

Ƙarfe bakwai ya kunna. Muna zaune mu uku muna kallon lambar tana hawa, biyu, tara, goma sha shida. Bakwai da kwata aka buɗe ƙofar gaba, aka kashe hitar. Sannan ƙofar baya, minti ashirin.

Maman Bomi ta ce, "Taurin kan gidanku ne. Ni ban haife ta da shi ba."

Juma'a, 22 ga Nuwamba, takwas na safe

Ya sake kunnawa. Ba ta kashe ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba, shida na yamma

Yau muka yi kimchin hunturu, kabejin da ake cusa wa barkono a ajiye ya yi tsami. Na ce a bari sai wani satin, Maman Bomi ta ce kabeji ba ya jiran kowa. Guda sittin. Inho ya zo yana ɗaukar mana baho, ni ina wanke gishiri, ita tana cusa barkono. Ta ware kwanon Bomi kamar kowace shekara, ta rage wa nata yaji.

Muna cin dafaffen nama da sabon kimchi Maman Bomi ta ajiye tsinken cin abincinta.

"Inho, matar ƙanena ta ce motocin nan suna da ido ta kowane gefe. Wai kana iya ɗaukar hoton waje daga wayarka."

"Ana iyawa, Mama."

"To ɗauko mini."

"Mama…"

"Ba leƙen asirinta zan yi ba. So nake in ga ko ta sa hula. Bomi ba ta sa hula sai an yi faɗa da ita."

Ya ce ya buɗe wurin ya fi sau goma, yana kai yatsa yana janyewa. Ya ce inda motar take ta yarda mu sani, fuskarta kuwa ba ta ba mu ba.

Ta juyo gare ni. "Kai ba za ka ce komai ba?"

Na ce ina bayan yaron. Ta ce sau ɗaya a shekara nake buɗe baki, shi ma don in saɓa mata. Ta shige kicin ta buɗe famfo da ƙarfi. Mun bar ta.

Da na raka shi bakin mota na tambaye shi abin da nake ta kewaye wa. Na ce ranar da ta dawo gida, da ta ga ƙaramin ɗakin da suka shirya wa jaririya, me ta ce?

"Ba ta ce komai ba, Baba. Ta tsaya a ƙofa. Sai ta tambaye ni ko akwai ruwan zafi."

Ban ƙara tambaya ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, uku na rana

Ta bar Samcheok, ta bi gaɓar teku ta yi kudu. Uljin. A hankali take tuƙi, ba ta wuce sittin. Ni na koya mata tuƙi a filin bayan kasuwa, ita ce kullum nake ce wa ta sassauta ƙafa.

Ta tsaya awa ɗaya a wani wuri. Na duba, tsauni ne a kan ruwa. Ban gaya wa uwarta ba. Na riƙe wayar har ɗigon ya motsa.

Ƙofar baya, minti arba'in.

Litinin, 25 ga Nuwamba, ɗaya na rana

Motar ta yi awa biyu a gaban wani gini a cikin gari. Inho ya bincika, asibitin mata ne. Ya ce yau ce ranar da aka ce ta koma a duba ta. Ta tuna. Da ƙafarta ta je.

Maman Bomi ta ci shinkafa kwano guda cur. Rabonta da haka tun tara ga wata.

Talata, 26 ga Nuwamba, sha ɗaya na safe

Yeongdeok. Caji saba'in. Ƙofar baya, minti goma sha biyar.

Akwai wani shafi da ban taɓa buɗewa ba, yau na shiga bisa kuskure. Hoton motar ne daga sama, da lamba a kan kowace taya. Uku suna talatin da shida. Ta gaba, hannun dama, talatin da ɗaya.

Ƙusa ce. Ba sai na gani ba. Ƙusa ce ta shiga ta toshe raminta, iskar tana fita kaɗan-kaɗan.

Inho ya ce motar za ta nuna mata a gabanta. Na ce Bomi ta taɓa yin wata uku da jar fitila a tsohuwar motarta, ta manna takarda a kai don tana damun idonta.

Laraba, 27 ga Nuwamba, tara na safe

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauko, mai yawa. Taya ashirin da bakwai.

Ana iya aika wa motar adireshi daga waya, ya fito a allon gaban direba. Inho ya nuna mini ran farko, ya ce wannan kam kada mu taɓa.

Abokina Gu yana Pohang, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda take. Tare muka koyi aiki a gareji ɗaya muna samari, har yanzu yana facin taya. Ya san Bomi tun tana goye.

Na aika wa motar adireshin garejinsa. Adireshi ne kawai. Ban haɗa da ko kalma ɗaya ba.

Laraba, biyu na rana

Ɗigon ya ɓace.

Na kashe wayar na kunna. Na fita tsakar gida ko sabis ne. A rubuce yake: mai motar ya rufe bayanai.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, bakwai na yamma

Da kaina na je na gaya wa Inho. Na same shi a gidansu yana zaune a kicin da rigar aiki. Da ya yi mini tsawa da na ji sauƙi. Sai ya tashi ya dafa mini shayi.

"Baba, na san don tayar kuka yi."

"Ƙanƙara ce a hanya, Inho."

"Na sani." Ya juya kofinsa. "Kowa yana yi mata abin da ya dace. Likitoci sun yi, ni na yi, ku kun yi. Babu wanda ya tsaya ya tambaye ta."

Ƙofar ƙaramin ɗakin a rufe take. Ban dubi wajen ba. Na lura hannun ƙofar bayi yana lilo, na nemi sukudireba na ɗaure shi. Ya bar ni na yi.

Maman Bomi ba ta yi mini faɗa ba. Ta zuba mini abinci, ta zauna tana kallon taga.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, bakwai na safe

Babu komai. Hitar ma ba ta karɓa.

Juma'a, huɗu na yamma

Babu komai.

Asabar, 30 ga Nuwamba, sha biyu na rana

Na je gareji. Tun da na daina aiki ba na buɗe shi sai in zan ɗauki wani ƙarfe. Kayan jaririyar suna nan a bayan tsohon kwampreso, na rufe su da tamfol. Kwali bakwai, da katakon gadon a ɗaure da igiya.

Wata biyu na yi ina ƙera gadon nan. Ni ba kafinta ba ne, sau uku ina warware ƙafa ɗaya. Kwance shi kuwa bai ɗauke ni minti arba'in ba.

Ran sha ɗaya ga wata na yi, tana kwance a asibiti. Da safe ni da Inho mun hau tudun nan na bayan Hoengseong, inda ake binne tokar mamata a gindin bishiyoyi, da ɗan akwatin tokar jaririyar da bai kai na takalmi nauyi ba. Da muka sauko shi ya koma wurinta, ni na karɓi makullin gidansu. Na ce a raina kada ta dawo ta ga kayan nan. Na naɗe komai, har labulen. Na goge ƙasa. Na tsaya na duba ɗakin, na ji daɗi wai na yi aiki mai tsabta.

A gareji in abu ya lalace cire shi ake yi, kada mai mota ya gani ransa ya ɓaci. Iyakar abin da na iya ke nan.

Na ɗaga tamfol ɗin, na mayar.

Lahadi, 1 ga Disamba, sha ɗaya na safe

Gu ya kira. Ban taɓa jin daɗin muryar tsohon nan kamar yau ba.

"Kai, tsohon banza, har yanzu kana raye?"

"Gu, ta zo?"

"Ba gaisuwa? Ta zo jiya da rana. Ƙusa ce, doguwa kamar yatsana. Iska take ta ƙarawa a gidajen mai tana tafiya. Na ce wa ya koya miki wannan haukan, ta ce babana."

Na zauna a kan matakala. Maman Bomi ta fizge wayar ta sa a lasifika.

"Ta rame? Ta sa hula?"

"Ta rame, Maman Bomi, ba zan ɓoye miki ba. Hula kam akwai, wata ja mai muni. Ga matata, ita ce da labari."

Matar Gu ta ce da ta ga yadda yarinyar ke sauka daga mota ta gane. Ba ta tambaye ta komai ba. Ta jiƙa ganyen teku ta dafa mata miyar masu jego, da naman sa. Bomi ta dubi kwanon ta ce, "Inna, ni ban cancanci wannan ba." Ita kuma ta ce mata, "Wa ya faɗa miki? Kin ɗauka, kin yi naƙuda, kin haihu. Wadda ta haihu ake dafa wa. Sha." Ta sha kwano uku tana kuka. Ta yi barci a ɗakinsu tun la'asar har gari ya waye.

Maman Bomi ta toshe bakinta da hannu. Tun watan Satumba ta sayi nata ganyen, mai kyau, dogo. Yana saman kabad. Da Bomi ta fito asibiti ta ji tsoron dafawa, ta yi mata kunun shinkafa.

Gu ya karɓi wayar. "Ta bar maka saƙo. In faɗa yadda ta faɗa?"

"Faɗi."

"Ta ce a gaya wa Baba tayar ta gyaru. Ta ce kuma ba ta huce ba tukuna."

Na ce na gode. Ya ce in riƙe godiyata, in zo mu sha giyar soju kafin ɗayanmu ya mutu.

Litinin, 2 ga Disamba, bakwai da rabi na safe

Ɗigon ya dawo. Pohang, kusa da tashar jiragen ruwa. Tayoyi huɗu, talatin da shida.

Inho ya kira yana dariya. Ya ce ya kunna hita? Na ce kada ya tambaye ni, ni an kore ni daga wannan aikin.

Ya kunna. Ba ta kashe ba.

Laraba, 4 ga Disamba, biyar na yamma

Ta juyo arewa, ta cikin ƙasa. Andong. Na ga Maman Bomi ta sauko da ganyen tekun da ke saman kabad.

Ƙofar baya, minti goma. Na daina faɗa wa kowa wannan. Ina jin ma ya kamata in daina rubutawa.

Juma'a, 6 ga Disamba, tara da rabi na safe

Saƙo ya shigo wayata da ta Inho a lokaci ɗaya, daga motar. Direba ya raba hanyarsa da ku. Wurin zuwa: tudun bayan Hoengseong. Lokacin isa: sha biyu da minti goma.

Ba ta taɓa zuwa ba. Ban ma san ta san sunan wurin ba.

Inho yana hanya zai ɗauke mu. Maman Bomi tana zuba miya a fulas. Na sa riga na cire sau biyu.

Juma'a, bakwai na yamma

Mun riga ta isa da rabin awa. Muna tsaye a filin ajiye motoci muna kallon wayar, mintocin suna raguwa, har Inho ya ce, "Baba, ku ɗaga kai." Ga ta tana hawowa, a hankali, duk jikin motar gishirin da ake zuba wa hanya don narkar da ƙanƙara.

Gu bai yi ƙarya ba, hular tana da muni.

Ta fito ta tsaya riƙe da ƙofa. Uwarta ce ta fara isa. Ba ta rungume ta ba, ta kama hannuwanta biyu tana murzawa tana cewa sun yi sanyi, sun yi sanyi, alhali daga mota mai ɗumi ta fito.

Bomi ta dubi Inho. "Kai ne mai hita?"

"Ni ne."

"Ran farko na zaci motar ce ta haukace." Ta saki ƙofar motar. "Bakwai daidai kullum. Da na rufe, na riƙa farkawa bakwai ina jin haushin kaina."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi. Ta ɗora goshinta a ƙirjinsa. Na juya ina duba tayar. Gu ya yi aiki mai kyau.

Mu huɗu muka hau. Ta tsaya hutawa sau uku, babu wanda ya ce a kama ta. Bishiyar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, da lamba a ɗaure a reshe. Ta durƙusa ta share ƙanƙarar gindin da hannu. Mu muka ja baya. Ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa. Ban ji ba, ban kuma so in ji ba.

Wajen saukowa ta rage tafiya har muka jera ni da ita.

Tun a gida na tsara maganganu, duk suka gudu. Na ce, "Bomi, ban tambaye ki ba."

"Sau biyu, Baba."

"Sau biyu."

Muka yi 'yan taku.

"Kun zubar da su?"

"Suna gareji. Ko safa ɗaya ba ta ɓata ba."

Ta tsaya. Ta kama hannun rigata, ba hannuna ba, kamar yadda take yi tana ƙarama in za mu tsallaka titi. Haka muka sauko.

A cikin motar ta sha miyar uwarta. Ta ce ta matar Gu ta fi gishiri daidai. Maman Bomi ta ce to ta koma Pohang ɗin.

Lahadi, 8 ga Disamba, biyu na rana

Ta zo gida ta karɓi wayata ta goge abin motar. Ta ce in ina son sanin inda take in kira ta in tambaya, kamar sauran mutane. Na ce in ba ta ɗauka ba fa? Ta ce to sai in yi haƙuri, kamar sauran mutane.

Na Inho ta bar masa. Wai saboda hita.

Talata, 10 ga Disamba, shida na yamma

Na kai kwalayen. Hawa uku, babu lif, ban yarda Inho ya taya ni ba.

Ta ce in haɗa gadon. Na dube ta. Ta ce, "Ku haɗa, Baba. Ranar da na shirya ni zan kwance shi da kaina. Sai dai ku ara mini sukudireba."

Ta zauna a ƙasa tana miƙo mini kusoshi. Ba mu yi magana sosai ba. Ƙafar nan da ta ba ni wahala ta sake gardama, ta ce tun farko a karkace take, ta gani ta yi shiru don kada in ji kunya.

Da muka gama ta buɗe kwali ɗaya kawai, ta duba, ta rufe. Sai ta ce akwai wani aiki. Ba ta son lambar nan da ke jikin bishiyar. An yarda a rataya ɗan allo na katako, in bai wuce tafin hannu ba. Ko ina da sauran katakon gadon?

Na ce akwai. Na ce me za a rubuta?

Sun daɗe da zaɓar suna, ita da Inho, suna ɓoye mana sai ranar. Ta faɗa mini. Ta sake faɗa a hankali don kada in yi kuskuren harafi.

Gobe zan fara. Hannuna ba shi da kyau a rubutu, gara in gwada a nan tukuna.

Nari.

Nari. 9 ga Nuwamba.

Jikata.